Ya Zo da Ciwonsa

Shekarar da na haifi yarinyar, tabki ya cika har ya hau garake, wato lambunan bakin ruwa. Itatuwan bagaruwa suka tsaya cikin ruwa zuwa ƙugu, balbelu suka mai da su gida. Ni kuwa barci ba ya isata, don haka komai nake gani kamar ta bayan labule. In na fita wanki da safe, goye da ita, sai in tarar da tururi kwance a kan ruwan, masunta suna yawo a cikinsa ba ƙafa ba jiki, kawuna kawai. A wajenmu da yawa ba su da jirgi. Gora suke hawa, ƙatuwa, mutum ya kifa cikinsa a kanta yana tuƙi da hannu da ƙafa, yana jan taru. Ba igiya, ba komai. Hankalin mutum ne kaɗai ke riƙe shi a kai, in ya saki, gorar ta mirgine ta tafi abinta.

Maigidana yana cikinsu, kuma yana shan tramol.

Tun kafin a kawo ni gidan ya fara. An ce lokacin da yake haƙar rijiyoyin garka ne baya ya riƙe shi, wani abokinsa ya ba shi ƙwaya ɗaya a teburin mai shayi. Da ina amarya na zaci maganin ciwon kai ne. In zan wanke rigarsa sai in ga fankon ƙwayoyin a aljihu, in zubar. A hankali na koyi karanta shi. In ya sha, tuwo ba ya shiga, sai surutu da susar hanci, can kuma ya yi shiru a zaune, ido rabi a buɗe, kai yana sauka a hankali kamar zangarniya ta nuna. Baƙin idonsa ya tsuke ya koma kamar ƙwayar gero. Ba ya duka, ba ya zagi. Yana nan ne kawai, amma ba ya nan.

Wata la'asar yana gyaran taru a bakin ruwa ya faɗi. Ina can ƙasa kaɗan ina ɗaurayar kwanoni, na ji maza suna salati. Na iske shi a sandare, yana fizga, kumfa a baki. Da ya farfaɗo bai san abin da ya faru ba, har yana tambaya wa ya zubar masa da ƙoshiyar saƙa. Maza suka ce iskar ruwa ce ta taɓa shi. Inna, mahaifiyarsa, wadda muke gida ɗaya da ita, ta karɓo rubutu da turare. Na dai auna da ido tsakanin inda ya faɗi da inda ruwa ya fara, bai kai tsawon tabarma ba. Washegari ya ɗauki gorarsa ya koma.

Daga ranar ban ƙara ganin tabkin nan daidai ba. Ina daka, ina ganin gora tana yawo ita kaɗai. Ina ba yarinya nono, gyangyaɗi ya ɗauke ni, sai in ga ruwa ya shigo tsakar gida shiru, ya zagaye turmi, ya ɗaga takalmansa. In farka in ga rana tsaka, kaji suna tono.

A lokacin ina kai yarinyar awo gidan likita. Babbar ma'aikaciyar jinya, wadda muke ce wa Manjo, mace ce doguwa mai tafiya da sauri, ta san kowane jariri da fuskar uwarsa. Sai muka je ba ta nan, muka koma ba ta nan. Mata suka fara gunaguni a kan benci. Aka ce ta tafi Maraɗi formasiyon, wato an kira su ƙarin karatu. Wata ta ce, "Mace da furfura a kai, karatun mi kuma ya rage mata?"

Ranar da ta dawo, kafin a fara awo ta tsaya ƙarƙashin rumfa ta ce mu saurara. Ta ce da can wanda tramol ya kama, sai an kai shi babban gari wurin lokotoro, babban likita, in ma an samu. Yanzu an koya musu, su ma'aikatan jinya, yadda za su duba mutum su rubuta masa maganin da kansu, nan cikin Madarumfa. Ta ce ciwo ne, yana da magani, kamar hawan jini.

Kowace mace ta sunkuya tana duban ƙafar ɗanta.

Wata tsohuwa da ta rako jikarta ta ce, "Manjo, ai mu nan ba mai sha."

Wata daga baya ta ce, "Sai dai shanun huɗa da ake ɗura wa, Iya."

Aka fashe da dariya, har da Manjo. Ni ban yi ba.

Na bari kowa ya wuce, na shiga ƙarshe. Ta ɗora yarinyar a sikeli, ta ce ta ƙaru. Ban tashi ba. Ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, akwai magana?"

Na ce, "Maganin nan da kika faɗa. Ko za ki ba ni kaɗan."

"Ke ke sha?"

"A'a."

"Maigida?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Zan dama masa a fura. Ba zai sani ba."

Ba ta yi mini dariya ba, don ta san haka muke yi. Mace ta karɓo abu, ta sa a fura ko a miya, maigida ya sha bai sani ba, gida ya zauna lafiya. Ta jawo kujera kusa da ni ta ce wannan ba ya shiga fura. Ƙarƙashin harshe ake sa shi ya narke, in an haɗiye ya tashi a banza. Kuma a gabanta za a fara, da saninsa, da yardarsa. Sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ki ji wannan da kyau, shi ne abin da suka fi nanata mana. Ranar da zai zo, kada ya sha komai tun jiya. Jikinsa zai yi ciwo, zai yi kamar mai masassara. A haka nake son shi. Ya zo da ciwonsa."

Na maimaita a hanya don kada in manta. Ban yi nisa a karatun lakkol ba, amma abin da aka faɗa mini da baki ba ya ɓace mini.

Faɗa masa ya fi komai wuya. Na jira wata rana ya dawo da wuri, na aza masa yarinyar a cinya, na ce, "Manjo tana gaishe ka."

Ya dube ni. Na faɗa masa sauran ina kallon ƙasa.

Ya ce, "Kin kai ni kasuwa ke nan."

Ya miƙo mini yarinyar ya fita. Kwanaki ba ya yi mini magana sai ta dole. Abin da ya juya shi ba ni ba ce. Ya lura ne cewa in ya shiga ruwa, wani abokin sana'arsa yana bin bayansa da gora, ba ya jefa taru, ba ya komai, yana dai kusa. Sarkin ruwa ne ya sa shi. Mutumin da ya girma a cikin tabkin nan, yau ana tsaronsa kamar ɗan yaye. Ya shigo gida ranar ya zauna bakin ƙofa ya daɗe, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yaushe ta ce a je?"

Ya daina sha tun azahar. Da gari ya waye ban gane shi ba. Hanci yana zuba, ido yana zuba, hamma ba ta yankewa. Tsigar jikinsa ta tashi kamar fatar kazar da aka fige. Ya naɗe a tabarma yana miƙe ƙafa yana janyewa, yana cewa ƙashinsa ake tauna. Tsoro ya kama ni, amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani ɗan daɗi, don ga shi daidai yadda Manjo ta ce.

Sai Inna ta leƙo.

Ta tsaya ta dube shi ta ce, "A haka za a ratsa kasuwa da shi? Ga surukansa can bakin hanya, ga abokan ubansa a majalisa. Wa ya taɓa zuwa gaban ma'aikata da majina a gemu?"

Na ce a hankali, "Inna, ta ce ya zo a haka."

"Ke yarinya, mi kika sani? In za a ga babban mutum, shiri ake yi."

Ta ɗora ruwa da kanta. Ta buɗe akwati ta fiddo shaddar da ya yi salla da ita, da hula, da turare. Da ta ga ko tsayuwa ba ya iya yi a bayi, sai ta sa hannu a saman katanga, inda yake ɓoye abinsa, inda na zaci ni kaɗai na sani. Ta ɓallo ƙwaya ta ce, "Ungo, ɗaya tak, don ka samu ƙafa. In ka je can sai su yi nasu."

Ina tsaye da tawul a hannu. Uwa ce take ba ɗanta, a gidanta, ni kuwa ko sunansa ba na faɗa a gabanta. Ya karɓa ya haɗiye.

Kafin rana ta ɗaga ya miƙe garau. Muka fita, shi a gaba cikin shadda yana ƙamshi, ni a baya da goyo. Yana gaisawa da kowa, har ya tsaya yana taya wani cinikin akuya. Na bi shi kamar mai tafiya cikin barci. Hanyar ta yi mini tsawo, inuwar dogon yaro tana rawa a ƙasa, ina jin kamar ba ƙasa nake takawa ba.

Manjo ta karɓe shi da girmamawa, ta ba shi kujera. Ta haska idonsa da ƴar fitila, ta shafa damtsensa, ta riƙe wuyan hannunsa tana ƙirga bugun jini. Sai ta saki.

"Malam, ɗaurin aure za ka daga nan?"

Ya yi murmushi. "Wurinki na zo."

"Na gode da ka zo, wallahi na ji daɗi. Amma ka sha da safen nan."

"Ɗaya ce."

"Ko rabi ce. Yau ba zan ba ka ba. In na ba ka yanzu, abin da ka ji da asuba wasa ne. Kuma ba za ka ƙara yarda da ni ba."

Ta zaunar da shi ta yi masa tambayoyi da yawa, tun yaushe, nawa a yini, faɗuwar nan sau nawa. Ta roƙe shi ya bar shiga ruwa tukuna, ta ce ya dawo. Ya amsa mata da ladabi. Muna fita ƙofa ya ce, "Na zo da ƙafata an kore ni. Shi ke nan, na fita hakkinku." Da la'asar ya ɗauki gora.

Inna ce ta fi shi fushi. Washegari ta yafa mayafi ta ce in wuce gaba in nuna mata matar da ta kori ɗanta. Ta shiga ba ta jira layi ba.

"Ke ce Manjo? Yaro ya yi wanka, ya sa sutura, ya zo gabanki da mutuncinsa, kin mai da shi. So kike a jawo miki shi a ƙasa?"

Manjo ta tashi ta ba ta kujerarta. "Inna, ina kwana. Zauna ki yi mini faɗan a zaune."

"Ba zama ya kawo ni ba." Ta zauna.

"Inna, mutum biyu suna hawa gora ɗaya?"

"Wace irin tambaya ce wagga? Kifewa za su yi."

"To a jikinsa wuri ɗaya ne. In tramol yana kai, nawa ya zo, ture shi zai yi da ƙarfi, ɗanki ne zai sha wuya. Sai na farko ya sauka, wurin ya zama ba kowa. Ciwon nan da kika gani, shi ne alamar ya sauka. Ni da shi nake aiki. In kin wanke shi kin ɓoye, kin rufe mini ido."

Inna ta juya carbi. Ta ce, "A Maraɗin aka koya miki haka?"

"A can. Kuma ba zan ɓoye miki ba, ni ma sabuwa ce a wannan. Ɗanki yana cikin na farko. Shi ya sa ba zan tsallake ko ɗaya daga abin da aka koya mini ba."

"To ke da kike sabuwa, a kan ɗana za ki koya?"

"Akwai lokotoron da ya koyar da mu, ina kiransa a salula duk lokacin da na yi shakka. Ba ni kaɗai ba ce."

Inna ta miƙe ta gyara mayafi. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Zai zo da ciwon nasa. Amma ba mai ganinsa."

Ban san abin da ta faɗa masa ba. Ta kira shi ɗakinta, na ji muryarta ƙasa-ƙasa, tasa ban ji ba ko sau ɗaya. Da ya fito ya sa hannu a saman katanga ya kwaso abin da ke wurin ya zuba mata a zane. Ta ƙulle a haɓar zanen, ta kwana da shi a jikinta.

Safiyar ta biyu ta fi ta farko muni, har da amai. Inna ba ta ɗora ruwa ba. Ta aro amalanken maƙwabcinmu, aka shimfiɗa tabarma, muka kama shi ya hau ya kwanta a naɗe. Sai ta kwance babban mayafinta mai furanni ta lulluɓe shi tun daga kai har ƙafa. Ta hau ta zauna a gefensa, ta aza hannu a kansa. Ni na zauna a baya. Maƙwabcin ya kaɗa san amalanken, bai tambayi komai ba.

Ranar ma akwai tururi, ya taso daga tabki ya shigo har cikin gari. Amalanken yana tafiya a hankali, ƙafar san ba ta ƙara a yashi. Mutane suna fitowa daga farin nan ɗaya-ɗaya su wuce. Mayafin yana rawa, ana jin nishi a ƙarƙashinsa. Wata mai ƙosai ta ɗago kai, ta ga tsohuwa, ta ga lulluɓi, ta ga hanyar likita muka nufa, ta ce, "Allah ya raba lafiya!"

Inna ta ce, "Amin, ɗiyata."

Haka muka ratsa kasuwa. A majalisar dattawa aka ɗaga hannu, "Allah ya sauke ta lafiya, Hajiya." Inna tana amsawa da fuska a ɗaure. Har kawuna, ƙanen babana, ya yi mana addu'a, bai lura ina zaune a baya da goyona ba. Daga cikin mayafi na ji wani sauti, ban sani ba ko kuka ne ko dariya, ina jin shi ma bai sani ba.

Manjo ta sa aka shigo da amalanken ta baya. Ta yaye mayafin, ta ga majina da hawaye da rawar jiki, ta ce, "Yauwa, Malam. Yau ka zo." Ta haska idonsa, baƙin ya buɗe ya yi faɗi. Ta shafa damtse, ta riƙe wuyan hannu. Ta fita ta yi magana a salula, ta dawo. Sannan ta rubuta ordonans, takardar magani, da hannunta, a hankali, ta sa hannu. Ta ɗauko ƴar ƙwaya ƙarama ta ce ya ɗaga harshe.

"Kada ka haɗiye, kada ka yi magana. Inna, ke ma."

Muka zauna mu huɗu muna jira. Ta taga ina jin kukan jarirai a rumfar awo. Wani ƙadangare ya hau bango ya tsaya. Ina kallon ƙafar maigida da ke ta bugun ƙasa, ina kallo, ina kallo, har ban san lokacin da ta daina ba. Hamma ta yi nisa da juna. Ya share hanci da hannun riga, bai ƙara zuba ba. Can Manjo ta duba shi, ta ƙara masa kaɗan, muka sake jira. Rana ta kusa tsaka ya ɗago kai ya dubi ɗakin kamar yanzu ya shigo. Ya dube ni, ni ɗin, ba bayana ba. Ya ce, "Akwai fura a gida?"

Inna ta juya fuska bango.

Da muka fito, matan rumfa suka taso wa Inna, don labari ya riga mu. "Hajiya, barka! Mi aka samu?"

Ta naɗe mayafinta ta ce, "Namiji," ta wuce.

Daga nan kullum da safe yake zuwa, ta ƙofar baya, Manjo ta sa masa a gabanta. Daga baya ta fara ba shi na ƴan kwanaki ya zo da shi gida. Ba duka ne ya tafi sumul ba. Akwai lokacin da ya ɓace mata, ya koma teburin mai shayi, na ga idon nan ya sake tsukewa, na zauna bayan ɗaki na yi kuka. Da ya koma ba ta yi masa faɗa ba, ta ce su ɗora daga inda suka tsaya. Ruwa kuwa ta hana shi. Ya koma ban ruwan albasa a garkar yayansa, duk zuwa sai ya tambaye ta, ita kuma ta ce, "Tukuna, Malam."

Yarinya ta fara tafiya kafin Manjo ta yarda ya koma ruwa. Ranar ban je bakin tabki ba, ƙafata ta ƙi. Na zauna na tsince wake, na sake tsince shi. Inna tana ɗaki da carbi, ko sau ɗaya ba ta leƙo ba. Duk ƙarar da na ji a waje sai in miƙe.

Da hantsi ya shigo, wando a jiƙe, karfasa a igiya, haƙora suna kaɗawa. Na tashi da sauri, na zaci ciwon ne ya dawo. Ya ajiye kifin a kwano ya tsuguna kusa da murhu, ya miƙa hannuwa.

Ya ce, "Ashe ruwan nan haka yake da sanyi? Ƙara itace."